Tambaya da Amsa: Ƙullin Shinkafa da Curin Hatsi a Maganin Gargajiyar Indiya

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa masu maganin Ayurbeda a Indiya suna gasa jikin mara lafiya da ƙullin dafaffiyar shinkafa. Yaya ake haɗa shi, kuma wa ya dace da shi?

AMSA: Haka ne, Hajiya. A jihar Kerala, inda aikin ya fi tashe, ana kiransa nabarakizhi. Shinkafarsa ta musamman ce, nabara, wadda ke nuna cikin kwana 60 da shukawa.

Ga wani ma'auni da aka saba bi. Ana tafasa saiwar wani tsiro mai suna bala, giram 750, a ruwa lita 12 har ya ƙone ya koma lita 3, sai a tace. Da rabin wannan ruwa da madarar shanu lita ɗaya da rabi ake dafa shinkafa giram 500 har ta yi luguf. A kasa ta huɗu, a ƙulle kowane kaso a ƙyallen auduga, a bar mariƙi a sama. Sauran ruwan kuma a haɗa shi da wata madarar lita ɗaya da rabi, a bar shi a kan ƙaramar wuta, domin a ciki za a riƙa tsoma ƙullin.

Sai an fara shafe jiki da mai mai ɗumi tukuna, sannan a bi gaɓoɓi da ƙullin ana murzawa ana ɗan matsawa, na tsawon minti 45 zuwa awa guda. Ƙulli biyu suna aiki, biyu suna cikin tukunya, don kada jiki ya huce a tsakani. Wajen ɗumin nan ne aikin ya fi lalacewa. In ƙulli ya yi zafi ya ƙone fata, musamman ga wanda ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ya rage wa jin zafi, shi ya sa mai gashi ke fara gwada shi a bayan hannunsa kowane tsomi. In shinkafar ba ta dahu ba, ruwanta mai kauri ba zai tsattsafo ta ƙyallen ba, an yi wahalar banza. Kuma kullum sabuwa ake dafawa, don shinkafa da madara da suka kwana matattarar ƙwayoyin cuta ne.

Masu wannan ilimi suna yin sa ne ga wanda ya rame, ko tsokarsa ta zube, ko gaɓoɓinsa suka sandare. Ba a yi wa mai zazzaɓi, ko mai kumburi mai zafi, ko mai gyambo, ko mai ƙiba sosai. Ga mai shanyewar jiki kuwa, muna jaddadawa, ba ya maye gurbin asibiti da motsa gaɓoɓi.

TAMBAYA: To wanda ake ci fa? Ana ba mara lafiya curin hatsi?

AMSA: Ba da farko ba, Hajiya. Curin da suke kira modaka ko laddu ana yin sa da garin shinkafa, alkama ko sha'ir da aka soya a man shanu, a haɗa da mazarƙwaila, a cura tun da sauran ɗumi. In ya huce ba ya kamuwa, in mai ya yi kaɗan ya wargaje. Abinci ne mai nauyi, ana ba mai jego da wanda cikinsa ya riga ya dawo daidai. Mai ciwon suga ya kiyaye shi.

Wanda ya tashi daga jinya da ruwan shinkafa ake fara masa: awo ɗaya a awo 14 na ruwa, a tace ya sha ruwan kawai, wannan shi ne manda. Daga nan sai kunu mai ruwa-ruwa da ɗan tsaba a ciki, sai bilepi mai kauri, awo ɗaya a awo 4, kafin a kai ga dafaffiyar shinkafa. Sun fi son wadda ta shekara a ajiye, domin a wurinsu sabuwar shinkafa tana da nauyi a ciki.