Nisan tafiyar jirgin sama daga Singafo zuwa New York

Ka tambayi nisan da ke tsakanin Singafo da New York ta jirgin sama, da kuma dalilin da ya sa alƙaluman da ake gani suke saɓawa juna. Idan aka auna hanya mafi gajarta a bisa doron ƙasa, tsakanin filin jirgin Changi da ke Singafo da na JFK da ke New York akwai kimanin kilomita 15,300, kuma jirgin Airbus A350-900ULR na kamfanin Singapore Airlines yana shafe awa 18 zuwa 19 a sama ba tare da ya yada zango ko'ina ba.

Saɓanin kuwa ya samo asali ne daga cewa matuƙa ba sa bin wannan gajeriyar hanya daidai. Wajen tafiya sukan ratsa ta saman tekun Fasifik domin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas ta riƙa tura jirgin daga baya, wajen dawowa kuma sau da yawa sukan bi ta Atilantika da Turai. Saboda haka nisan da jirgin ke ci a zahiri yakan zarce kilomita 16,000, kuma a ganina shi ne adadin da ya fi shafar fasinja.