Amsa ga ƙanena na Damagaram kan zaɓen mastar a aikin jarida

Salam ƙanena, na ga saƙonka kuma na karanta takardun nan biyu da ka turo mini ta WhatsApp. Ka ce in amsa a fili don abokanka ma su amfana, to bari in ɗan bayyana zancen ga wanda bai sani ba. Yaron nan ya gama lisans a jami'ar André Salifou, yana aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa can Damagaram, ya nemi mastar a aikin jarida, wurare biyu suka amsa masa. Ɗaya a Landan take, kuɗin makaranta fam 24,000, suka ce sun ba shi bursi na fam 6,000. Ɗayar jami'ar gwamnati ce a nan Jamus inda nake zaune, babu kuɗin makaranta, tallafin kuma yuro 300 ne kacal a wata. Shi ransa ya tafi Landan don kuɗin bursin ya fi yawa a ido kuma karatun shekara ɗaya ne, har Baba ya fara zancen sayar da fili.

Ka ce wa Baba ya dakata tukuna, kai kuma ɗauko biro.

Wannan fam 6,000 ɗin ba za ka taɓa riƙe shi a hannu ba, ragi ne aka yi maka, kamar ɗan kasuwar Dole ya ce maka shadda jika 60 ce amma don kai ne ka kawo 45, ka tafi kana murna alhali jika 10 ne a aljihunka. Abin da ya rage a kanka fam 18,000 ne. Ba nan ta tsaya ba, don kafin Ingila ta ba ka biza sai ka nuna kuɗin zama a banki, a farkon 2025 fam 1,483 ne a wata ga mai karatu a Landan har na wata tara, kenan fam 13,347, kuma suna ƙara shi lokaci lokaci. Ga kuɗin bizar kanta, ga kuɗin asibiti fam 776 a shekara da ake biya tun kafin ka taka jirgi. In ka tara duka ka juya zuwa sefa kana maganar wajen miliyan 25, tikiti ma ba ya ciki, rigar sanyi ba ta ciki. Kuma wallahi abin da suka rubuta na zama a Landan ƙarami ne in ka ga yadda hayar ɗaki take can.

Ta Jamus ɗin ma ba kyauta ba ce, kar wani ya yaudare ka da cewa karatu a banza ne nan. Kuɗin makaranta ne babu a yawancin jami'o'in gwamnati, sai wani ɗan kuɗi da ake biya duk zangon karatu, ƴan ɗaruruwan yuro, a wurare da yawa har tikitin bas da jirgin ƙasa na cikinsa. Jihar Baden-Württemberg ce ta fita daban, tun 2017 take karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba, taka dai ba a can take ba na duba. Amma ofishin biza zai ce ka zuba kuɗin zaman shekara a wani asusu da ake kullewa, yuro 11,904 tun ƙarshen 2024, ana sako maka 992 duk wata. Tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wannan ya kama miliyan 7 da jika 800. Karatun shekara biyu ne, sai ka ninka, ka cire yuro 300 ɗinka na wata 24, za ka tarar da wajen miliyan 11. Ka ga dai, wadda ta ba ka kaɗan ita ce ba ta kai rabin tsadar ɗayar ba, kuma kuɗin nata duk cikinka da hayarka za su ci, ba a tagar makaranta za ka miƙa su ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a takardar ta Jamus ɗin, shafi na biyu can ƙasa da ƙananan haruffa, an rubuta tallafin na zango biyu ne, sai an sake duba sakamakonka kafin a sabunta. Wannan layin ya fi tambarin da ke sama muhimmanci. Ka rubuta musu yau, tambaya a sarari ba kunya: shekara ta biyu tabbas ce ko sai an sake takara, maki nawa ake so in riƙe, ranar nawa ga wata kuɗin ke shiga, in na yi aiki a gefe ana yanke shi? Mu ƴan gida muna da wannan kawaicin na kar a ce mun cika son kuɗi, nan kuwa wanda ya tambaya shi ake ɗauka da hankali. Su ma na Landan ka rubuta musu ka ce ga abin da wata makaranta ta yi mini, ko akwai ƙari, wani lokaci ana dacewa, in ba a dace ba imel ɗaya ka yi asara.

Na san abin da za ka ce, ai zan yi aiki in cike. Kowa haka yake cewa kafin ya zo. A Ingila awa 20 a mako doka ta yarda lokacin karatu, a nan Jamus kwana 140 cikakku a shekara ko rabin yini 280. Yana taimakawa sosai wajen abinci da haya, amma ba ya biyan fam 18,000. Kuma aikin jarida ba irin karatun da za ka kwana da littafi ka je ka rubuta jarrabawa ba ne, malami zai ce gobe ƙarfe tara ka kawo rahoto na minti uku da muryoyin mutum biyu an tace an haɗa. Akwai wani ɗan Afirka ta Yamma da muka zauna gida ɗaya, dare yake yi a sito yana jera kwalaye, da asuba ya dawo ya zauna gaban kwamfuta da abin ji a kunne zai yanka sauti, sai in fito in tarar kansa na kan tebur muryar wanda ya yi hira da shi tana ta maimaituwa. Yaron yana da basira amma istaj ɗin, wato zaman koyon aiki a gidan jarida, da ya kamata ya buɗe masa ƙofa bai samu yi ba, don ba a biya sosai kuma haya na jira.

Shi ya sa nake cewa ka lissafa da albashin da ke jiranka bayan diflom. Kai ka fi ni sanin abin da gidan rediyo ke biya a ƙarshen wata, nan Turai ma ɗan jarida sabon shiga ba mai kuɗi ba ne. Likita ko injiniya in ya ci bashi yana da inda zai fanshe, kai in filin gado ya tafi da me za a maido shi? Kuma edita in ka je neman aiki abin da zai fara cewa shi ne turo min ayyukanka in ji. Rahoto mai kyau kan matsalar ruwa a Garin Malam ko kan matasan Kara-Kara, an ɗauka da waya amma sauti ya fita tas, ya fi sunan makaranta yi maka magana. Hausarka da Faransancinka su ne jarinka, sashen Hausa na DW nan Bonn yake, BBC na da nata tun 1957, ga RFI ga TRT Afrika. Sai dai ka sani a Jamus in ba ka da Jamusanci yawancin gidajen jaridar gari ba za su ɗauke ka istaj ba, ka fara koyo tun yanzu ko a waya ne.

In miliyan 11 ɗin ma ta yi wa gida nauyi, kuma na san za ta iya, ba abin kunya ba ne ka ɗaga tafiyar shekara guda ka nemi bursi mai ɗaukar komai. Chevening na Ingila yana biyan makaranta da zama da tikiti, yana son shekara biyu na aiki, kai kuma kana da su, da sharaɗin ka koma gida shekara biyu bayan gamawa. Na Turkiyya ana buɗe shi a Janairu zuwa Fabrairu, da masauki da shekara ɗaya ta koyon yare. DW Akademie, cibiyar horaswa ta DW, na da mastar nan Bonn kan kafofin yaɗa labarai da aka tsara don ƴan jarida daga ƙasashe irin namu. Faransa da muka saba, tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai farkon 2024 hanyar ta yi tsawo, kar ka gina shirinka a kanta. Kuma kar ka raina na kusa, CESTI a Dakar tsohuwar makaranta ce mai suna a wannan sana'a, ga ISIC a Rabat, ga Bayero nan Kano da za ka tashi Damagaram da safe ka yi la'asar a can. Ka leƙa ANAB, hukumar bursi ta Nijar, ka ji abin da suke ɗauka bana.

Ni dai in ni ne, Landan na ajiye ta sai in Chevening ya fito, Jamus kuma ba zan ce eh ba sai amsar shekara ta biyu ta zo a rubuce. Kar ka biya kowa kuɗin riƙe gurbi kafin nan, yawanci ba a maidowa. In amsar ta zo ka turo min mu sake zama kan lissafin, ni zan kira Baba da kaina ran Juma'a bayan masallaci in yi masa bayanin filin. Ka gaida Inna.