Tambaya da Amsa: Mai rabon shinkafa ko mai zaman majalisa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, wlh abin nan ya daɗe yana damuna. Ɗan majalisarmu na jiha tun da muka zaɓe shi sau ɗaya na sa shi a ido, shi ma a wajen ta'aziyya, amma ana ta cewa wai yana aiki. Wanda ya sauka kuwa ƙofar gidansa kullum maƙil, shinkafa da azumi, kuɗin ragon suna, ba ka zuwa ka dawo hannu rabbana. To wanne ne mai yi wa jama'a hidima a cikinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ba zan ce mai rabon shinkafa ya yi laifi ba, alheri ne, amma fa ba shi aka tura shi yi ba.

Majalisar dokokin Kano tana Sakatariyar Audu Bako, kujeru 40 gare ta, iyakar abin da tsarin mulkin 1999 ya yarje wa jiha kenan, duk da ƙananan hukumominmu 44 ne. Dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin sama da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba tare da uzuri ba kujerarsa na iya suɓucewa. A nan ake tankaɗe da rairayar kasafin kuɗi, a nan ake tantance kwamishinoni, kuma suna da ikon kiran duk wani babba a ma'aikata ya zo ya yi bayanin ina kuɗin asibiti ko na kwalbati suka shiga. Ko gwamna ya ƙi sa hannu a doka har kwana 30 suka wuce, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar na iya zartar da ita ko ya so ko ya ƙi.

Galibin wannan wahalar a kwamiti ake shan ta, ba kyamara ba 'yan jagaliya ba maroƙa, mutum ne da tulin takardu har la'asar sakaliya, shi ya sa mai yi tsakani da Allah ba ka cika jin ɗuriyarsa a unguwa ba. Mu ma fa da namu, mun mai da su ATM, in ka tara mutum ɗari a ƙofar gidansa da asuba yaushe zai karanta kasafin?

Amma ɓuyan naku ma ban wanke shi ba, wakili ai sai ya ji ta bakin waɗanda yake wakilta. Ku haɗa kanku ku biyar ko goma ku same shi, ku tambaye shi wane kwamiti yake, wane ƙuduri ya kai, me mazaɓarku ta samu a kasafin bana. In ya kama kame-kame akwai kiranye, sai dai da aiki, sai sama da rabin masu rijistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.