Me ya sa aka kayar da Churchill a zaɓen 1945?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Winston Churchill ne ya jagoranci Birtaniya har ta yi nasara a kan Hitler, amma ko wata uku ba a yi ba jama'a suka kayar da shi a zaɓe. Wannan ba butulci ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ni ban kira shi butulci ba. A Birtaniya ba a zaɓar firaminista kai tsaye. Kowace mazaɓa tana zaɓar ɗan majalisarta, jam'iyyar da ta sami rinjaye ita ke kafa gwamnati. Churchill kansa ya ci kujerarsa ta Woodford. Jam'iyyarsa ta Conservative ce jama'a suka yi wa hukunci, kuma sun daɗe suna riƙe da ita a zuci: rabon su da babban zaɓe tun 1935. Ba su manta da rashin aikin yi na shekarun 1930 ba, ko yadda Chamberlain, firaministan Conservative na lokacin, ya lallaɓa Hitler a birnin Munich na Jamus a 1938.

An kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Yuli, amma sai 26 ga wata aka ji sakamako, domin an jira ƙuri'un sojojin da ke ƙasashen waje. Labour ta Clement Attlee ta kwashe kujeru 393, Conservative ta tsira da 197, Liberal kuwa 12 kacal, har shugabanta Archibald Sinclair ya rasa tasa.

Ka ɗauki sojan da ke hanyar gida, bama-bamai sun rushe unguwarsu a Landan. Abin da ke ransa ɗakin kwana ne, da aiki, da maganin mahaifiyarsa. Ya kuma ji daga bakin mahaifinsa yadda aka yi wa sojojin yaƙin duniya na farko alkawarin gidaje, alkawarin ya bi ruwa. Tun 1942 rahoton wani masanin tattalin arziki, William Beveridge, ya zayyana yadda gwamnati za ta tallafi mara lafiya da tsoho da mara aiki. Labour ta rungumi rahoton hannu biyu, su Churchill suna jan ƙafa.

Sannan Churchill ya yi suɓul da baka. A jawabinsa na rediyo ranar 4 ga Yuni ya ce gwamnatin 'yan gurguzu, wato ta Labour, sai ta nemi wani abu mai kama da Gestapo, 'yan sandan asirin Hitler. Alhali Attlee mataimakinsa ne a gwamnatin haɗin gwiwa ta lokacin yaƙi, kowa ya ga aikinsa. Wannan magana ta fi ba ni takaici, don ba ta dace da girmansa ba. Washegari Attlee, mutum mara yawan surutu, ya mayar da martani cikin natsuwa, kimarsa ta ƙaru.

Ana tsakiyar taron shugabannin ƙasashen da suka ci yaƙi a Potsdam ta Jamus, Churchill ya dawo gida jin sakamako, Attlee ne ya koma ya zauna da Stalin na Tarayyar Soviet da Truman na Amurka. A 1948 gwamnatin Attlee ta buɗe tsarin jinya kyauta. Churchill kuma ya dawo kan mulki a 1951.