KU TAMBAYA MU AMSA: Wai ina Samanja da su Karkuzu suka shige ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne da na yi ritaya, ina zaune a Zariya. Abun da ke damuna shi ne, me ya hana tashoshin talabijin ɗinmu su dawo mana da tsofaffin wasannin barkwanci irin su Samanja Mazan Fama da Karkuzu na Bodara da Karambana? Kullum ka kunna sai dai fim ɗin Indiya mai fassara ko siyasa, jikokina ko sunan Samanja ba su sani ba. Rowa ce ko mantuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tambayar nan taka wallahi kusan duk wata sai an turo mana irinta, kuma amsar ba ta da daɗi, don mafi yawan lokaci ba wai tashar ta ƙi sakawa ba ne, kaset ɗin ne babu, ko kuma yana nan amma ba ya kunnuwa.

A shekarun 1970 da 1980 lokacin da marigayi Usman Baba Pategi yake Samanja a NTA Kaduna, su marigayi Ƙasimu Yero suna nasu, Karkuzu kuma yana tashe a Jos, a kan kaset ake ɗaukan shiri, irin manyan nan da ake kira U-matic, daga baya aka koma Betacam. Kaset ɗin daga waje ake sayo shi kuma da tsada, to idan an nuna shiri an gama sai a ɗauko wannan kaset ɗin a ɗora labarai ko jawabin gwamna a kai, shi kenan wasan ya tafi. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin wai bayan shekara 40 za a nemi abun, su a ganinsu shirin sati ne an yi an wuce. Waɗanda suka tsira kuma an jibge su a sito, ga zafi ga ƙura ga damshin damina, sai zaren ya fara danƙo, kana sa shi a inji ya manne a jikin kan injin ya tsinke. Masu gyara sai sun gasa irin wannan kaset ɗin a ɗan zafi kaɗan na tsawon awanni kafin ya yarda a kwafe shi sau ɗaya. Injin kansa ma an daina ƙera shi tun tuni, wanda ya iya gyara shi ya yi ritaya kamar ku.

Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne muka yi wannan ɓarnar. BBC da kanta ta goge tarin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970, daga baya ta dawo tana cigiya a duniya. Abun da zai ba ka mamaki ma, a 2013 aka sanar an gano kashi 9 na wani shirinsu mai suna Doctor Who da suka ɓata, kuma a ina? A wata tashar talabijin a Jos, suna ajiye a ɗaki ba wanda ya waiwaye su. Haka kuma an tsinto kashi biyu na wasan barkwancin Morecambe da Wise na 1968 a wata tsohuwar silima a Firitawun ta Saliyo, aka gyara, BBC ta nuna su a Disambar 2018. Kaga mun adana wa Turawa nasu ba da saninmu ba, namu kuma mun bar wa gara.

Amma fa ana iyawa idan an so. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka samo shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara tare da wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal, har aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Kuma muna da ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa a Jos wadda aikinta kenan.

Sai maganar kuɗi. Tasha da talla take rayuwa, kuma shi mai talla so yake a ce masa sabon shiri ne da matasa za su kalla, manajan tasha kuma yana tsoron hoton da ya dusashe kusa da sababbin shirye-shirye masu ƙyalli. Ni dai a ganina wannan lissafin nasu kuskure ne. Duba yadda guntayen Samanja ke yawo a WhatsApp da Facebook, hoto duk ya lalace, murya na shashsheƙa, amma mutane na turawa juna, duk wanda ya kalla kuma sai ya tura gaba. Mai kamfanin shayi ko sabulu da zai ɗauki nauyin rabin awa a daren Juma'a ba zai yi asara ba, don tsoho zai zauna, jika ma zai zauna ya ga me ke sa kakansa dariya haka.

Shawarata Baba, ku haɗu ku da abokanka ku rubuta wa NTA Kaduna da ARTV ta Kano, wadda a da ake kira CTV 67, kar ku ce kawai a dawo da shiri, ku tambaya kaset nawa suka rage kuma yaushe za a kwafe su a kwamfuta. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu, kuma waɗanda suka san wane kaset ne wane su ma tafiya suke yi.

TAMBAYA: Ni uwa ce mai yara huɗu a Gusau. Muna yara ana nuna mana Cali mai ɗan gashin baki da sanda, da kuma Mr Bean, ba batsa ba zagi. Me ya sa ba a saka wa yara irinsu yanzu? Ai na ji an ce tsofaffin finafinai kyauta ne.

AMSA: Hajiya kin yi gaskiya rabi. Cali, wato Charlie Chaplin, ya fara fim a 1914, kuma gajerun finafinansa na farko-farkon nan haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, kowa na iya nunawa. A Amurka fim na fita daga hannun mai shi bayan shekara 95, a dokar Najeriya kuma shekara 50 ne daga lokacin da aka fara nuna shi. To amma akwai tarko a ciki. Finafinan nan ba su da magana, kiɗa ne ke tafiyar da su, shi kuma kiɗa lissafinsa daban, shekara 70 bayan mutuwar wanda ya tsara shi, ga shi Chaplin da kansa ya tsara kiɗan da yawa daga cikin manyan finafinansa kuma sai a 1977 ya mutu. Sannan kwafin nan mai kyau tas da kike gani, wani kamfani ne ya kashe kuɗi ya wanke shi, ba zai bayar a banza ba.

Mr Bean kuwa ba ma tsoho ba ne a idon doka, daga 1990 zuwa 1995 aka yi shi, kashi 15 ne kacal, kuma sai an biya da kuɗin waje, kin kuma san yadda dala take yanzu. Ga dokar hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da ke son yawancin abun da tasha ke nunawa ya zama na gida, musamman da dare lokacin da iyali ke zaune.

Duk da haka tasha mai dabara za ta iya ɗauko tsofaffin gajerun nan ta sa makaɗanmu su ɗora kalangu ko gurmi a kai, tunda ba magana balle a ce sai an fassara. Kafin nan dai, suna nan da yawa a YouTube, sai dai ki fara kalla ke kaɗai kafin ki ba yara, don ba duka ba ne suka dace, akwai shaye-shaye da doke-doke a wasu.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu ya bar kwali biyu na kaset ɗin bidiyo, wasu ya ɗauka ne daga talabijin, wasu finafinan Ibro ne na farko. 'Yan gidanmu sun ce a zubar. Ya zan yi?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa don Allah kar ka bari a zubar, musamman waɗanda ya ɗauka daga talabijin ɗin nan, zai iya yiwuwa abun da ke ciki ita kanta tashar ba ta da shi yanzu. Na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, su ma na farko-farkon a kaset suka fito, ba duka aka mayar faifai ba.

Ka fito da su daga kwalin ka jera su a tsaye, ba a kwance ba, a ɗaki mai sanyi nesa da rana da sifika, don maganaɗisun sifika na ɓata su. Idan ka ga farin abu kamar gari a jikin zaren ta cikin gilashin, fumfuna ce, kar ka sa shi a bidiyo, zai ɓata kaset ɗin ya ɓata injin. Masu kyan ka kai wa masu ɗaukan bidiyon biki na da, yawancinsu suna da na'urar da ke juyawa zuwa kwamfuta, ka tsaya a kwafe a gabanka kuma ka karɓo kaset ɗinka, ka ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban, ka rubuta abun da Baba ya rubuta a jikin kowanne. Sai dai ka sani kaset ɗin naka ne amma shirin na tashar ne ko na furodusa, don haka kafin ka ɗora a intanet da niyyar samun kuɗi ka nemi izininsu a rubuce, idan kuma tashar ta ce tana so, kwafi za ka ba su.