Amsa: Me matashi ke ƙaruwa da shi a aikin sa kai a ƙasar waje?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aikin sa kai a wata ƙasa ɓata lokaci ne tunda babu albashi. Wallahi a'a. Shirin UNV, wato shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, har alawus yake bayarwa.

Babbar ribar dai iya zama da mutane ce. Ka tsaya gaban aji, yaran ba sa jin yarenka, daga kai sai allo da alli. Dole ka koyi bayani da hannu, ka saba da sauraro kafin ka buɗe baki. Rubuta rahoto da lissafin kuɗin aiki kuwa, a hanya za ka tsince su.

UNV ba ya karɓar kuɗin cike takarda, duk wanda ya nemi kuɗi da sunansa ka guje shi.