Tambaya da Amsa: Ogana Kullum Sai Ya Dawo Min da Kod Ɗina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne a harkar rubuta manhaja, duk sanda na tura aikina a GitHub, shafin da muke ajiye kod, wato umarnin da muke rubuta wa kwamfuta, sai ogana ya cika shi da gyare-gyare, wallahi har raina ya ɓaci. Raini ne ko dama haka ake yi? Kuma yanzu an ce ni ma in riƙa duba na wasu, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haka ake yi ɗan'uwa, kuma abin ba na yau ba ne, tun 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya wallafa tsarin duba kod. Ka tuna Heartbleed, matsalar OpenSSL, manhajar tsare sirrin bayanai, da ta girgiza intanet a 2014? An duba kod ɗin fa kafin a haɗe shi da sauran manhajar, amma kuskuren ya kuɓuce. To ka ga wanda ya zauna ya tsefe naka, taimakonka ya yi.

Amma ina zargin kana tura masa aiki jibgi guda. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a kamfanin Cisco ya nuna in layukan suka haura 400 a zama ɗaya, mai dubawa ya kan fara kasa gano kurakurai, don haka ka yanka aikin ƙanana ƙanana, kowanne da abu ɗaya da yake gyarawa, ka rubuta me ka canja da dalilin da ya sa, sannan ka karanta shi da kanka kafin ka tura, za ka sha mamakin abin da za ka kama. In ya yi gyaran da ba ka gane ba ka tambaye shi, in kana da hujja ka kawo ta cikin ladabi.

Ranar da kai ne mai dubawa kuwa, a kan kod ɗin za ka yi magana, ka bar mai shi. Maimakon "me ya sa ka yi haka?" ka ce "nan in jerin ya zo babu komai shirin zai tsaya, ya kake gani?" Ka bambanta gyaran dole da wanda ra'ayinka ne kawai. Rigimar tazara da waƙafi ka bar wa manhajojin da ke daidaita rubutun kod da kansu, irin su Prettier ko Black, ba ta kai a ɓata lokacin mutane ba. Kuma don Allah kar ka ajiye aikin mutum sati guda, ƙa'idar Google ma ita ce a ba da amsa cikin ranar aiki ɗaya.